Zaɓen Sanata na Jihar Montana a 2024: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa jihar da ba ta da yawan jama'a ta ja hankalin Amurka baki ɗaya?

Montana ita ce ta huɗu a faɗin ƙasa cikin jihohin Amurka, amma mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba, kuma mafi yawan ƙasarta gonakin alkama ne da makiyayan shanu da tsaunuka. Sai dai tsarin mulkin ƙasar ya ba kowace jiha kujeru biyu a Majalisar Dattawa mai mutum 100, ko tana da yawa ko ba ta da shi, kamar yadda kowace jiha a Najeriya take da sanatoci uku. Kafin zaɓen ranar 5 ga Nuwamba 2024, jam'iyyar Democrat da ƙawayenta suna da kujeru 51, kuma kowa ya san kujerar West Virginia za ta kuɓuce musu tun da Sanata Joe Manchin ya ce ba zai sake tsayawa ba. Don haka wanda ya ci Montana kusan shi zai riƙe ragamar majalisar.

Su wa suka kara?

Jon Tester na Democrat, manomi ne daga ƙauyen Big Sandy, yana noma gonar da kakanninsa suka kafa, kuma ya rasa yatsu uku na hannun hagu a injin niƙa nama tun yana yaro. Ya shiga majalisar a Janairu 2007 bayan ya kayar da sanata mai ci, Conrad Burns na Republican, a zaɓen 2006 da ratar da ba ta kai ƙuri'u 4,000 ba, sannan ya tsallake zaɓen 2012 da na 2018. Abokin karawarsa, Tim Sheehy na Republican, tsohon sojan ruwa ne na rundunar musamman, haifaffen Minnesota, wanda ya kafa kamfanin jiragen sama masu kashe gobarar daji mai suna Bridger Aerospace. Kafin wannan zaɓe bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba.

Ta yaya ɗan Democrat ya shekara 18 yana wakiltar jihar da ke zaɓen Republican a takarar shugaban ƙasa?

Nan ne asalin labarin yake. Mutanen Montana sun daɗe da al'adar raba ƙuri'a, wato mutum ya zaɓi ɗan Republican a kujerar shugaban ƙasa, sannan ya juya ya ba ɗan Democrat da ya sani kujerar sanata. Jihar ce ta fitar da Mike Mansfield, wanda ya jagoranci masu rinjaye a majalisar daga 1961 zuwa 1977, da kuma Max Baucus da ya shafe fiye da shekara talatin a can. Tester ya gaji wannan turba: yana magana kamar manomi, ya mai da hankali kan lafiyar tsofaffin sojoji har ya shugabanci kwamitinsu, yana kare filayen gwamnati da jama'a ke farauta da kamun kifi a cikinsu, kuma yana samun goyon baya mai ƙarfi daga ƙabilun asali da ke zaune a yankuna bakwai da aka keɓe musu. A 2018 Donald Trump ya je jihar har sau huɗu don a kayar da shi, amma hakan bai yiwu ba. Sai dai a wancan karon sunan Trump ba ya kan takardar ƙuri'a.

Waɗanne batutuwa aka yi yaƙin neman zaɓe a kansu?

Tester ya zana Sheehy a matsayin attajirin baƙo irin waɗanda suka kwararo suka tsadar da gidaje a Bozeman da Missoula. An kuma yi ta ce-ce-ku-ce kan raunin harsashi da ke hannun Sheehy, ko a Afganistan ya same shi ko a gandun Glacier a 2015, da wasu kalamansa kan ƙabilar Crow da suka fusata shugabanninta. Shi kuwa Sheehy ya tsaya kan magana ɗaya tak, cewa Tester yana kaɗa ƙuri'a tare da Joe Biden a kan tsadar rayuwa da iyakar Meziko. Tester ya yi ƙoƙarin nesanta kansa, har ya nemi Biden ya janye daga takara a watan Yuli. Ɓangarorin biyu sun kashe fiye da dala miliyan 200, kuɗin da ya yi wa ƙaramar jiha irin wannan yawa ƙwarai.

Yaya sakamakon ya kasance?

Sheehy ya samu kusan kashi 53 cikin ɗari, Tester kuma kashi 45 da ɗoriya. Tester ya zarce Kamala Harris, 'yar takarar shugaban ƙasa ta Democrat, da kimanin maki bakwai a jihar, abin da ke nuna cewa masu raba ƙuri'a ba su ƙare ba, sai dai Trump ya ci jihar da ratar maki kusan ashirin, kuma farin jinin mutum ɗaya ba ya cike irin wannan giɓi. Abin lura shi ne, a ranar ce masu zaɓen suka amince da saka 'yancin zubar da ciki a tsarin mulkin jihar, matsayin da Tester ke goyon baya. Republican ta ƙara da kujerun Ohio da Pennsylvania da West Virginia, ta kai 53, kuma daga Janairu 2025 babu ɗan Democrat ko ɗaya da ke wakiltar Montana a majalisun tarayya biyu.