Zan siya wa Yaya kwamfiresa kyauta, wanne zan ɗauka?

Yayana ba sana'arsa bace kanikanci, a gida kawai yake kwance motarsa ya ɗaura. Ina so in ba shi mamaki da injin iska amma ban san komai akai ba, daga ina zan fara?

Toh ki fara da leƙa kayan aikinsa tukunna, tun kafin ki je kallon inji. Kwamfiresa shi kaɗai baya gyara komai, iska kawai yake tarawa a tanki ya tura wa wani abu, kin ga kenan abin da za'a jona masa shi ne zai faɗa miki girman da ake buƙata. In taya kawai yake son bai wa iska da hure ƙura daga cikin inji, ƙarami ma ya isa, tunda tayar ƙaramar mota bata wuce PSI 30 zuwa 35 yawanci, PSI ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin matsin iska. In kuma yana da bindigar kwance noti ta iska, ko kullum yana maganar zai siya, to magana ta canza. Sannan ki duba ko yana da bindigar noti mai batir, dan yanzu da yawa sun koma ita, in yana da ita wlh rabin aikin da kwamfiresa zai masa ya riga ya samu.

Na ga lambobi birjik a jikin kwali, HP, PSI, CFM, wanne zan kalla?

CFM, shi ne magana. Ma'anarsa yawan iskar da injin ke iya fitarwa a minti ɗaya, wasu kamfanonin kuma da lita suke rubutawa, CFM ɗaya kusan lita 28 ne a minti. Yawancin kayan aikin iska a PSI 90 suke aiki, wajen 6 kenan in da ma'aunin bar aka rubuta, dan haka ki nemi inda aka rubuta CFM kaza a PSI 90, ba a 40 ba, dan lambar 40 ɗin ta fi girma kuma ita suke son ido ya fara gani. Bindigar noti mai rabin inci tana cin wajen CFM 4 zuwa 5, abin da masu aikin ke yi shi ne su ɗauki lambar kayan da ya fi cin iska su ƙara rabinta a kai, kin ga in 4 ne sai a nemi injin da ke bada 6.

Akwai wata dabarar ƴan kasuwa kuma, sai su rubuta iskar da fistin ke zuƙa maimakon wadda ke fita ta tiyo, alhali mai fitar tana iya raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In kin ga an rubuta FAD, wato iskar da ke fita ɗin, ita ce ta gaskiyar. HP kuwa, wato ƙarfin injin, ni bana ma kallonsa sosai, wani lambar da injin ke kaiwa na ɗan lokacin tashi suke mannawa da manyan baƙi.

Ba babban tanki ne ya fi ba?

Tanki ajiya ne kawai, kamar randa, in famfon da ke cika ta ɗigo yake to girmanta ba zai hana ta ƙarewa ba. Amma yana da amfaninsa, kwance noti aiki ne na ɗan fizga a tsaya, tankin lita 50 zai bari ya cire taya ba tare da ya tsaya jiran inji ba, na lita 24 ma zai yi amma da haƙuri, injin zai ta tashi yana mutuwa. Ni dai in wurin ajiya bai yi ƙunci ba 50 ɗin zan ɗauka, mai ƙafar taya wanda zai ja zuwa gindin mota.

Mai shan mai ko marar mai?

Mai man ya fi daɗewa kuma baya zafi da wuri, sai dai nauyi da canjin mai lokaci lokaci, wanda ga mai son taɓa inji wannan ba wahala bace, daɗi ma zai ji. Marar man ba ruwansa da hidima amma na da ɗin nan ƙara kamar me, wasu sun haura desibel 85 a ma'aunin ƙara. Yanzu akwai marasa ƙara da ke tsayawa tsakanin 60 da 70, in akwai maƙwabta jikin katanga ko jariri a gida wannan shi ne kyautar da ba za'a tsine miki ba.

Ya taɓa cewa yana son yin fentin motarsa da kansa fa.

Nan kam ki ja birki. Bindigar feshi da injin goge jikin mota basa hutawa, suna iya cin CFM 10 ko fiye, wannan sai babban inji mai bel da tankin lita 100 zuwa sama, kuma ba kowane soket ɗin gida ke ɗaukarsa ba. In da gaske fentin yake so gara ki haƙura da ba-zatan ki zaunar dashi ku zaɓa tare.

Wutar gida zata ɗauka?

Matsakaitan suna ɗauka, amma lokacin tashi suna fizgar wuta sosai, dan haka kar ya jona da doguwar siririyar waya, gara doguwar tiyo akan doguwar waya. In daga wata ƙasa zaki yo oda ki duba ko na wuta mai volt 120 ne ko na 230.

Me zan haɗa masa dashi?

Tiyo mai faɗin milimita 10, dan siririyar da ake sakowa a kwali shaƙe bindigar noti take, sai kan bai wa taya iska mai geji, da tabarau na kare ido da abin toshe kunne. Kuma ki ce masa duk ranar da ya gama aiki ya buɗe ɗan bawul ɗin da ke ƙasan tankin, ruwa na taruwa a ciki, in an bar shi tsatsa ce zata ci tankin daga ciki ba'a gani.