Waiwaye: Yadda aka raba ƙwayoyin garkuwa gida biyu a kansar huhu

Idan aka yanko ɗan siririn yanki daga ƙarin da ke huhun mai kansa, aka rina shi, aka sa a ƙarƙashin madubin likita, ba ƙwayoyin cutar kaɗai ake gani ba. A tsakaninsu akwai manyan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, masu haɗiye duk baƙon abin da ya shigo. A huhun mashayin taba har ɗigo-ɗigon baƙin hayaƙi ake gani a cikinsu. Abin da ya daɗe yana damun masana shi ne, yaƙar cutar suka zo yi ko taya ta aiki?

Tun a 1863 Rudolf Virchow na Jamus ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, ya yi zargin akwai alaƙa tsakanin kumburi da kansa. Amma bayan Élie Metchnikoff ya nuna a 1882 yadda irin waɗannan ƙwayoyi ke cinye baƙi, sai aka ɗauke su dakaru kawai, aka daɗe a kan haka.

A 1992 ne ɗakin binciken Siamon Gordon a Oxford ya gano cewa sinadarin IL-4, wanda ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo da shi, na farkar da makrofaj ta wata hanya daban, har wata alama, wato furotin da ke saman ƙwayar wanda yanzu ake kira CD206, ta yawaita a jikinta. A 2000 Charles Mills ya raba makrofaj gida biyu, ya raɗa musu sunayen M1 da M2 bayan gwaji a kan ɓeraye. Abu ɗaya, wato wani sinadarin gina jiki mai suna arjinin, kowace ke sarrafawa, sai dai M1 na mai da shi iskar da ke kashe ƙwayoyin cuta, M2 kuma na yin kayan ɗinke rauni da shi. Shekara biyu bayan haka Alberto Mantovani na Italiya ya ce yawancin makrofaj da ke cikin ƙari sun karkata ga M2: suna taimaka wa sabbin hanyoyin jini su tsiro, suna kuma kwantar da sauran dakarun jiki. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi ke nan.

Daga nan aka shiga farautar alamomi. CD68 na nuna makrofaj gaba ɗaya. CD163 da CD206 aka ba wa M2, su kuwa HLA-DR, CD80, CD86 da iNOS aka ce na M1 ne.

Aikin da na fi ganin girmansa shi ne na masu bincike a Leicester ta Ingila. A 2005 sun duba huhun waɗanda aka yi wa tiyata, suka ga ba yawan makrofaj ba ne abin dubawa, inda suka tsaya ne. Majinyatan da nasu suka kutsa tsakiyar dandazon ƙwayoyin kansa sun fi daɗewa a raye, waɗanda nasu suka maƙale a naman da ke kewaye kuwa ba su kai haka ba. A 2009 suka ƙara nuna cewa a jikin masu daɗewar, akasarin masu kutsawar na ɗauke da alamun M1.

To, amma huhu ba kwanon gwaji ba ne. Makrofaj da ke zaune a jakunkunan iska na lafiyayyen mutum ma cike suke da CD206, don haka ganin alamar ba ya nufin cutar ta juya su. Sannan iNOS da ke fitowa ɓaro-ɓaro a ɓera da ƙyar take bayyana a makrofaj na ɗan Adam. Saboda irin wannan ruɗani ne gungun masana, ƙarƙashin jagorancin Peter Murray, suka nemi a 2014 a riƙa faɗin takamaiman abin da aka farkar da ƙwayar da shi maimakon a tsaya ga laƙabi. Da aka fara karanta ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ga guda ɗauke da alamun ɓangarorin biyu a lokaci guda. A 2021 kuma ɗakin binciken Miriam Merad a New York ya nuna asali ma na da tasiri: makrofaj 'yan gida su ke rungumar ƙarin tun yana ƙarami, daga baya waɗanda suka taso daga jini su mamaye wurin.

Ba na goyon bayan masu cewa a jefar da M1 da M2 kwata-kwata, domin su suka sa aka fara kallon abin da ke kewaye da ƙari da muhimmanci. Abin da ke sosa min rai shi ne har yanzu ana fitar da rahotanni masu ƙirga CD163 kaɗai su yanke hukunci, alhali kansar huhu ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a duniya a 2022. Tun da aka amince da magungunan farkar da garkuwa irin su nivolumab don kansar huhu a 2015, PD-L1, wadda ƙwayoyin kansa ke kwantar da dakarun jiki da ita, ce alamar da likita ya fi dubawa kafin ya zaɓa wa majinyaci irin wannan magani, ita ma a jikin makrofaj ana samun ta. CD163 da CD206 kuwa har yau suna ɗakin bincike, ba su kai ga takardar magani ba.