Liyafar Halloween: Ado da Abinci

Liyafar Halloween walima ce da ake shiryawa a gida a daren 31 ga Oktoba, musamman a Amurka, Kanada, Ireland da Birtaniya. Baƙi kan zo cikin shigar burtu, a ƙawata gida da abubuwan ban tsoro na wasa, a ci abincin kaka. Daren shi ne jajiberin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, wadda ke kamawa 1 ga Nuwamba, amma masana tarihi da dama na danganta wasu al'adunsa da Samhain, tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ireland da Scotland. 'Yan Ireland da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, su ne suka tafi da yawancin waɗannan al'adu.

Yadda liyafar ta samo siffarta

A farkon ƙarni na 20 ne liyafar gida ta kama ƙasa a Amurka. Kamfanin Dennison, mai yin kayan takarda a jihar Massachusetts, ya riƙa buga ɗan littafi mai suna Bogie Book yana koya wa matan gida yanka jemagu da baƙaƙen kyanwoyi daga takarda mai launi. Baƙi da ruwan lemo, launukan da aka san bikin da su har gobe, sun daɗa kafuwa a wannan zamani: ɗaya na duhun dare, ɗaya na kabewa da ganyen kaka. Yawon yara gida-gida neman alewa bai game ƙasar ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka daina rabon sukari da awo. A zahirinsa yana ɗan kama da tashen da yara ke yi a ƙasar Hausa cikin azumi, duk da cewa tushensu ba ɗaya ba ne.

Kabewa da haske

Kabewar da aka sassaƙa wa fuska ita ce uwar adon gaba ɗaya. A Ireland wata saiwa mai tauri ake ƙwaƙulewa a sa garwashi ko kyandir a ciki. Da aka je Amurka aka tarar da kabewa, ga girma ga taushi, sai aka koma mata. Jihar Illinois ce ke kan gaba wajen nomanta a yau.

Aikin yana da 'yan dabaru. Ana yanke saman kabewar da wuƙa a karkace, bakin wuƙar na kallon ciki, don kada murfin ya faɗa idan an mayar da shi. Sai a kwashe 'ya'yan da zaren ciki da cokali, a kankare bangon da za a yi fuskar har ya yi siriri, a zana idanu da baki da alƙalami kafin a taɓa wuƙa. Idanu masu kusurwa uku da haƙora biyu ko uku sun isa. Wanda ya ce zai yi zane mai sarƙaƙiya a karon farko, sau da yawa hancin da bakin ne ke haɗewa su zama rami ɗaya. Kabewar da aka yanka ba ta wuce 'yan kwanaki sai ta fara laushi da funfuna, don haka ba a sassaƙa ta tun da sauran mako biyu.

Sauran adon duk haske ne ke ɗauke da shi. Ɗakin da aka kashe masa babban ƙwan lantarki aka bar 'yan fitilu a ƙasa ya fi wanda aka cika da kwarangwal ɗin roba masu tsada kama ido. Farin zanin gado da aka rataya ya zama fatalwa, baƙin kwali ya zama jemagu a bango, tsohuwar kwalba da aka naɗe da bandeji ta zama fitila. Mutane da yawa sun bar kyandir sun koma ƙananan fitilu masu batir, saboda doguwar riga da takarda ba sa shiri da wuta. Saƙar gizo-gizo ta roba kuwa cikin gida ya kamata ta tsaya, domin a waje tana kama tsuntsaye. Masu son hayaƙi mai bin ƙasa kan zuba busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, a ruwan ɗumi. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, tana ƙona fata, ba a riƙe ta da hannu tsirara, ba a kuma rufe ta a kwalba.

Abinci

Abincin gargajiya na daren nan na manoma ne. A Ireland ana yin barmbrack, burodi mai zabibi wanda ake ɓoye zobe a cikinsa, wai wanda ya ci karo da shi aure na kusa. Akwai kuma colcannon, dakakken dankalin turawa da kabeji da man shanu. Tuffa na ko'ina, domin lokacinta ne: ana soka mata tsinke a tsoma a narkakken sukari, ana dafa ruwanta da kirfa da kanumfari a sha da zafi, ana kuma zuba ta a baho cike da ruwa yara su kamo da haƙori ba hannu. 'Ya'yan kabewar da aka kwashe ba a zubar da su. Wankewa ake yi, a barbaɗa gishiri, a gasa.

Na zamani kuwa abincin yau da kullum ne aka sa masa rigar tsoro. Ana naɗe tsiran turawa da siraran kwaɓin fulawa ya fito kamar gawa a likkafani. Rabin ayaba da ɗigon cakulan uku ta zama fatalwa, ɓararren lemo da ɗan koren tsinke a ka ya zama ƙaramar kabewa, dafaffen ƙwai da yankan zaitun ya zama ƙwayar ido. Yawancinsu abin ɗauka da hannu ne, kuma da dalili: mai abin rufe fuska ko dogon hannun riga ba ya jin daɗin zama gaban faranti da cokali. Gogaggun masu masauki kan ƙara tukunya guda ta abinci mai nauyi, kamar miyar wake da niƙaƙƙen nama, don kada yara su kwana da alewa kaɗai a ciki.

Alewar da aka fi alaƙantawa da bikin ita ce mai siffar ƙwayar masara da launi uku, wadda aka fara yi a Philadelphia a shekarun 1880. Tun daga 2014 kuma wasu gidaje a Amurka ke ajiye kabewa mai launin shuɗi-kore a ƙofa, alamar cewa suna da kyautar da ba abinci ba, kamar ƙananan kayan wasa, domin yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, madara ko ƙwai.