Waiwaye: Yadda Aka Gano Sirrin Gero da Dawa a Cikin Zafi

Manomin alkama a Kadawa sai ya jira sanyin hunturu kafin ya shuka, alhali gero da dawa ba ruwansu da ƙunar rana. Dalilin yana can cikin ƙwayoyin ganye, kuma an daɗe ana lalube kafin a gano shi.

A shekarun 1950 ne Melvin Calvin da Andrew Benson, a Jami'ar Kalifoniya, suka bi sawun iskar kabon har suka nuna yadda tsiro ke mayar da ita sukari da taimakon hasken rana. Calvin ya samu kyautar Nobel a 1961, aka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da saura. Furotin ɗin da ke cafke iskar, mai suna Rubisco, yana da rauni: wani lokaci oksijin yake kamawa maimakon kabon, sai tsiro ya ɓarnatar da ƙarfinsa wajen gyara. A 1971 aka tabbatar da haka. Zafi na ƙara yawan kuskuren. Fari kuwa ya fi muni, domin da ƙasa ta bushe tsiro yakan saki sinadarin ABA, wanda ke rufe ƙananan ƙofofin ganye don tattalin ruwa. Kabon ya rage shiga, Rubisco ya yi ta kamun banza.

Rake ne ya tona asirin wata hanyar. A 1965 Hugo Kortschak da abokan aikinsa a Hawai suka bayyana cewa abin da rake ke fara samarwa sinadari ne mai kabon huɗu, ba uku ba kamar yadda yake a tsarin da su Calvin suka nuna. Yuri Karpilov na Rasha ma ya bayyana haka a masara tun 1960, sai dai ba a kula shi ba, abin da a ganina rashin adalci ne. Daga 1966 Hal Hatch da Roger Slack a Ostireliya suka shiga warware tsarin: wani furotin da ba ya ruɗuwa da oksijin ne ke tarbar kabon, a tura shi ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin ganye, a jibge wa Rubisco. Don haka ko ƙofofin sun ɗan rufe, aiki bai tsaya ba.

Gero, dawa da masara na wannan rukuni na C4, wato masu farawa da kabon huɗu. Shinkafa da alkama na C3 ne, masu farawa da kabon uku. A 2008 cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta jagoranci fara yunƙurin dasa wa shinkafa tsarin C4, amma har yanzu irin bai kai hannun manoma ba.