Avatar: kalmar da ke cikin wayarka, daga addinin Hindu ta fito

Kwanan baya ƙanwata ta miƙo min wayarta tana dariya, ta ce, "Yaya, duba abata ɗina, ya yi kama da ni?" Wata 'yartsana ce ta haɗa a WhatsApp, ta ɗaura mata mayafi ruwan goro, ta sa mata tabarau. Na ce ai wannan ta fi ki hanci. Ta fizge wayarta ta yi gaba. Iyakar abin da ta sani game da kalmar ke nan, wato zanen da ke tsaya wa mutum a intanet, kuma yawancinmu nan muka tsaya tun da WhatsApp ya kawo abin a watan Disamba na 2022. Alhali kalmar ta girmi waya da ɗaruruwan shekaru, kuma Turanci aro ya yi.

Daga Sanskirit take, tsohon harshen da aka rubuta manyan littattafan addinin Hindu da shi. A can ana cewa avatara: ɓangaren farko, ava, yana nufin ƙasa, na biyun kuma daga kalmar tsallakawa ya fito. In ka haɗa su ka sami "saukowa". A aƙidar Hindu, abin bauta ne ke saukowa duniya cikin jikin mutum ko na dabba idan ɓarna ta yi yawa, ya kawar da ita, sannan ya koma.

To wa ke saukowa? Nan sai an ɗan yi shimfiɗa, domin Bahaushe ya daɗe yana ganin gumakan Hindu a finafinan Indiya ba tare da ya bambance su ba. Duk inda aka nuno jaruma ta kaɗa ƙararrawa, ta kunna fitila a faranti tana juya ta gaban gunki, sai mu ce ta je wurin Bagwan. Bagwan ɗin kuwa laƙabi ne, kamar a ce ubangiji, ana kiran da yawa daga cikinsu da shi. Addini ne babba: a ƙidayar Indiya ta 2011, kashi 79.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiyansa ne, kusan mutum miliyan 966. Ba shi da mutum ɗaya da ya kafa shi, ba shi da littafi guda da ya tattare komai, shi ya sa in ka tambayi mabiyansa biyu alloli nawa suke bauta wa, kana iya jin amsa biyu. Masu ilimin cikinsu da dama za su ce maka asali ɗaya ne, suna kiransa Birahman, sauran duk fuskoki ne da yake bayyana ta cikinsu.

Uku daga cikin fuskokin nan su ne aka fi jerawa tare, ana ce musu Tirimurti. Birahma (ba shi ne Birahman ɗin nan ba) ne aka ba aikin halitta, ana zana shi da kai huɗu, amma abin mamaki shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Wuraren bautarsa 'yan kaɗan ne, mafi shahara yana garin Pushkar a jihar Rajastan. Shiba shi ne mai rushewa domin a sake sabon gini, shi ne wanda kake gani da maciji a wuya, da mashi mai baki uku, da ido na uku a goshi. Matarsa Parbati, ɗansu kuma Ganesha mai kan giwa, wanda ɗan kasuwa ke fara kira kafin ya buɗe sabon shago saboda sun ɗauka shi ke kawar da cikas. Na ukun shi ne Bishnu, mai kiyaye duniya tsakanin halitta da rushewa, kuma kalmar avatar kusan tasa ce. Dalilin a fili yake: wanda aka ba gadi shi ke fitowa idan an ji motsin ɓarawo.

Ana zana Bishnu da shuɗin jiki da hannu huɗu, ɗaya riƙe da ƙaton kodin teku, ɗaya da faifai mai kaifi, ɗaya da kulki, ɗaya da furen bado. Abin da yake kiyayewa suna kiransa darma, kalmar da ta haɗa gaskiya, da tsarin duniya, da haƙƙin da ke kan kowane mutum gwargwadon matsayinsa. A babi na 4 na Bagabad Gita, littafi mai baiti 700 da ke cikin dogon labarin yaƙin Mahabarata, Kirishna, wanda suke ɗauka Bishnu ne ya sauko a jikinsa, ya gaya wa jarumi Arjuna cewa duk lokacin da darma ta yi rauni, zalunci ya ɗaga kai, yakan zo da kansa, zamani bayan zamani, ya kare mutanen kirki ya hallaka azzalumai. Duk bayanin avatar a kan waɗannan baitoci yake jingina.

Sauka goma aka fi ƙirgawa, ko da yake wani littafin nasu ya lissafa 22 ya kuma ce ba su ƙirguwa. Na farko kifi ne da ya ceci Manu, uban mutane a wurinsu, daga ambaliyar da ta cinye duniya. Sai kunkuru, sai gadu wanda ya ɗago ƙasa daga ƙarƙashin ruwa da haurensa. Na huɗun ne na fi so a ba da labarinsa, don shi ke nuna yadda tunanin yake aiki.

Wani azzalumin sarki mai suna Hiranyakashipu ya yi ta bauta har Birahma ya ce ya roƙi abin da yake so. Sai ya yi dabara irin ta mai neman asirin tauri: ya roƙi kada mutum ya kashe shi, kada dabba, ba da rana ba, ba da dare ba, ba a cikin gida ba, ba a waje ba, ba a ƙasa ba, ba a sama ba, ba kuma da wani makami ba. Da ya samu sai ya ce kowa shi zai bauta wa. Ɗansa na cikinsa, Parahalada, ya ƙi, ya ce Bishnu yana ko'ina. Uban ya nuna wani ginshiƙin fada ya ce har cikin wannan? Yaron ya ce har nan. Ya doki ginshiƙin, sai ga wata halitta ta fasa ta fito, kai na zaki jiki na mutum, ita ce Narasimha. Da almuru ne, rana ta faɗi dare bai yi ba. Ya ja sarkin zuwa dokin ƙofa, ya ɗora shi a kan cinyarsa, ya farke shi da farce. Duk ƙofar da sarkin ya toshe ba a taɓa ta ba, ta tsakaninsu aka bi. Mai son tatsuniyar Gizo zai ji daɗin wannan lissafi.

Na biyar wada ne, Bamana, wanda ya roƙi sarki Bali filin taku uku kacal, sannan ya girma har taku biyu suka cinye sama da ƙasa. Mutanen jihar Kerala har yau suna bikin Onam domin tunawa da wannan sarki, da yake a wurinsu adali ne. Na shida Parashurama mai gatari.

Na bakwai da na takwas su ne suka cika zukatan Indiyawa. Rama ɗan sarkin Ayodiya ne da aka kora daji shekara 14, sarkin Lanka mai kai goma, Rabana, ya sace masa mata Sita, ya je ya ƙwato ta da taimakon Hanuman mai siffar biri. A arewacin Indiya fitilun bikin Diwali murnar dawowarsa gida ce. Rama a wurinsu shi ne misalin ɗa mai biyayya da sarki mai cika alkawari, kuma sunansa ya shiga siyasa sosai: a wurin da suka ce nan aka haife shi ne aka rushe masallacin Babri ran 6 ga Disamba 1992, aka buɗe haikalinsa a wurin ran 22 ga Janairu 2024. Kirishna kuwa wani hali ne daban, yaro mai satar man shanu, makiyayi mai busa sarewa, masoyin Rada, daga baya kuma mai tuƙa keken yaƙin Arjuna yana yi masa wa'azi. Mabiyansa da yawa ma ba su yarda shi saukowar wani ba ne, sun ce shi ne tushen. Ita ma Lakshimi, matar Bishnu, wadda ake roƙo don arziki, suna cewa duk saukar da ya yi tana biyo shi, ita ce Sita a zamanin Rama. Na tara an yi saɓani, wasu sun sa Buda, wanda ya kafa addinin Buda, wasu kuma sun cire shi daga jerin sun shigar da Balarama, wan Kirishna.

Kuskuren da na fi ji a bakin mutanenmu shi ne fassara avatar da annabi. Nesa ba kusa ba. Annabi a Musulunci bawa ne da aka aiko da saƙo, ba a bauta masa, kuma tunanin cewa Mahalicci na shiga jikin halitta shi ne abin da malamai ke kira hululi, aƙidar Musulunci ta kore shi. Avatar kuwa mai aikowa ne ya zo da kansa, don haka bauta masa ake yi. Ba kuma sake haihuwa ba ce irin wadda Hindu suka yarda tana faruwa ga kowa, domin ita dole ce da ayyukan mutum ke jawo masa, saukowar Bishnu kuwa ganin dama ce. Haka nan bai yi daidai da hawan bori ba, inda iska ke hawan dokinta na ɗan lokaci ta sauka ta bar shi da jikinsa. Rama an haife shi, ya yi aure, ya yi kukan rabuwa da matarsa kamar kowa.

Masu wasannin kwamfuta a Amurka ne suka ɗauko kalmar a shekarun 1980, fim ɗin nan Avatar na 2009 mai shuɗayen mutane kuma ya kai ta kowane lungu. Aron nasu ya yi ma'ana: kana zaune a duniyarka, ka sa wani jiki ka shiga wata duniya da ke ƙarƙashin ikonka. A Indiya ma yau 'yan jarida kan ce tsohuwar mota ta dawo cikin sabon avatar, suna nufin sabon salo kawai.

Saura na goma, Kalki, shi bai zo ba tukuna. A lissafinsu yanzu ana cikin zamani na huɗu kuma mafi lalacewa, Kali Yuga, wanda sunansa ba shi da alaƙa da Kali, baƙar allahiyar nan mai fitar da harshe, ko da yake a rubutun boko sun yi kama. Sun ce zamanin shekara 432,000 zai yi, an ci 5,000 da 'yan kai, kuma a ƙarshensa ne Kalki zai fito a kan farin doki da takobi a hannu.