Mene ne allspice? Sunan ya yi kama da haɗi, amma ɗan itace ɗaya ne

Duk mai bibiyar girke-girke a intanet ya sha cin karo da kalmar allspice. Da yawa suna ɗauka haɗin kayan ƙamshi ne da aka daka wuri guda, kamar kori. Sunan ne ke ruɗarwa, don a Turanci ma'anarsa "dukkan kayan ƙamshi". Amma ba haɗi ba ne. 'Ya'yan wata bishiya ce guda, wadda masana tsirrai ke kira Pimenta dioica, 'yar dangin kanumfari da gwaiba.

Turawan Ingila ne suka raɗa masa sunan tun ƙarni na 17, saboda in ka shinshina shi sai ka ji kanumfari, ka ji kirfa, ka ji gyaɗar ƙamshi, duk a ƙwaya ɗaya. Kafin su, Sifaniyawan da suka isa tsibiran Karebiyan sun gan shi ƙanana zagaye, suka zaci masoro ne, suka kira shi pimienta. Shi ya sa har gobe mutanen Jamaika pimento suke ce masa. Can ne gidansa, tare da kudancin Mekziko da Amurka ta Tsakiya, kuma na Jamaika shi ya fi suna a kasuwa.

Bishiyar ba ta zubar da ganye, kuma akwai mace akwai namiji. Macen ce ke haihuwa. Ba a barin 'ya'yan su nuna, domin da sun nuna ƙamshin ya ragu. Tun suna kore ake karyo reshen, a shanya su a rana har su koma ruwan ƙasa. Ɗauki busasshen ƙwaya ɗaya ka girgiza kusa da kunne, za ka ji iri na motsi a ciki. Alamar ya bushe sosai ke nan.

A girki, Jamaika ta fi kowa sanin hannunsa. Gasasshen namansu da ake kira jerk ba ya haɗuwa sai da shi da barkono mai zafi, kuma a al'adance a kan itacen bishiyar ake gasawa, hayaƙin ma ya shiga naman. Larabawan Sham na zuba shi a nikakken nama da shinkafa, Turawa kuwa a kek da tsiran alade da kifin da suke jiƙawa a ruwan tsami. A ganina gara a sayi ƙwayar a riƙa dakawa kaɗan-kaɗan, garin da ya daɗe a kwalba ƙamshinsa ya riga ya tafi. Kuma kada a cika hannu, yana danne sauran kayan miya.

Ta fuskar magani, sirrin yana cikin wani sinadari mai suna yujinol, wanda shi ne ke ba kanumfari ƙarfinsa. Yana ɗan kashe zafi, shi ya sa ake ɗiga mansa a haƙori mai ciwo ko a shafa a gaɓoɓi. A Karebiyan ana dafa ƙwayar ko ganyen a sha don kumburin ciki da rashin narkewar abinci. Wannan amfanin gargajiya ne, ba ya maye gurbin ganin likita. Man kuwa yana da kaifi, yakan ƙona fata in ba a sirka shi ba, kuma mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita kafin ya sha allspice a matsayin magani.