Waiwaye: Jinyar gyambon babban hanji idan ya kama mutum bayan shekara 60

A shekarar 1859 ne wani likitan Landan, Samuel Wilks, ya bambanta gyambon babban hanji da atunin da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, duk da cewa alamominsu sun yi kama: gudawa mai jini da majina, murɗawar ciki, da matsuwar bayan gida wadda ba ta ba mutum damar jira. Likitoci na kiran ta alsaretif kolaitis. An daɗe ana yi mata kallon cutar matasa, domin ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 30, sai daga baya aka lura da wani rukuni da take fara kamawa bayan shekara 60, wanda ya kai kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda ake gano suna da kumburin hanji mai daɗewa, wato dangin cututtukan da wannan take ciki.

Gano ta a jikin dattijo na ɗaukar lokaci. Jini a bayan gida kan sa a fara zargin basir, ko sankarar hanji, ko ƙarancin jinin da ke isa hanji, ko illar magungunan ciwon gaɓɓai da yake sha kullum.

Magani ya fara samuwa ne a farkon shekarun 1940, sa'ad da Nanna Svartz ta ƙasar Suwidin ta ga cewa salfasalazin, wanda ta haɗa saboda ciwon gaɓɓai, yana lafar da hanji. A 1955 Sidney Truelove da Leslie Witts suka nuna a Oxford cewa kotizon, maganin rage kumburi, na rage mace-mace idan ciwon ya tsananta, a 1977 kuma aka gano ɓangaren salfasalazin da ke yin aikin, wanda ya zama mesalazin. A fannin tiyata, Alan Parks da John Nicholls sun bayyana a 1978 yadda ake cire babban hanji a ɗinka jaka da ƙaramin hanji a haɗa ta da dubura.

Sai dai akasarin gwaje-gwajen da aka gina wannan ilimi a kansu ba su ɗauki tsofaffi da yawa ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Azatiyofirin, mai danne garkuwar jiki, na ƙara haɗarin sankarar ƙululun jini, musamman bayan shekara 65, kamar yadda wani babban bincike na Faransa ya nuna a 2009. Infiliksimab, wani maganin danne garkuwar jiki wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2005, ya fi jawo cututtuka masu tsanani ga tsofaffi. Tsoron waɗannan ya sa likitoci da dama suka riƙa barin dattawa a kan kotizon da danginsa wata da watanni, alhali shi ne ke zaizaye ƙashi, ya tayar da sukari da hawan jini, ya kawo yanar ido. A ganina an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko mesalazin mai sauƙin illa yana buƙatar a riƙa duba ƙoda, kuma wanda ake matsawa ta dubura da dare kan gagari tsohon da yatsunsa suka ƙage, ko wanda duburarsa ba ta iya riƙe ruwan maganin har ya yi aiki.

Jinkiri ma yana da nasa sakamakon, domin tiyatar gaggawa ta fi kashe tsofaffi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da wadda aka shirya tun da sauran ƙarfi, kuma kwanciya asibiti da ciwon a tashe na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya.

Shigowar sababbin magunguna, bedolizumab a 2014, wanda aikinsa ya fi tsayawa a hanji, da ustekinumab a 2019, ta sassauta wannan tsaka mai wuya. Tofasitinib kuwa, wanda aka amince da shi a 2018, hukumomin magunguna na Amurka da Turai sun yi gargaɗi a kansa saboda ciwon zuciya da daskarewar jini, har Turai ta ce kada a ba wanda ya kai 65 sai in babu wani zaɓi. Yanzu kafin a zaɓi magani ana auna raunin jiki, wato saurin tafiya, ƙarfin damƙa, ramewa da yawan cututtukan da mutum ke ɗauke da su, ana kuma yi masa allurar rigakafin mura da ciwon huhu kafin a taɓa garkuwar jikinsa.